Katunan da Gwaggo Mai Suwaita Ta Ƙi Zubarwa

Duk wanda ya taɓa bin layin da ke bayan ƙaramar sakandaren 'yan mata ya san shagon Gwaggo Mai Suwaita, ko bai shiga ba ya ji ƙararsa. Tun da hantsi injin saƙarta yake farawa, shaa zuwa dama, shaa zuwa hagu, har a tashi daga makaranta. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Dogon tebur ne da injin a ɗaure a kansa, sai kantar da ta jera dunƙulen ulu kala-kala, sai kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya. Rigunan sanyin 'yan makaranta take saƙawa, da huluna da safar jarirai, kuma a shekara ashirin da ɗoriya ba a taɓa dawo mata da riga an ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba.

Doguwa ce marar jiki, da tabarau rataye a wuya da zaren ulu. Tana da faɗa, wannan kowa ya shaida, amma faɗan nata ba ya kwana.

Injin da kati yake aiki. Kati ne dogo mai layi-layi, kowane layi gida ashirin da huɗu. Inda aka huda gida, allura ta ɗauki zare mai launi. Inda ba a huda ba, ta ɗauki fari. Da haka ake fitar da fure ko tsuntsu a ƙirjin riga. Sauran masu saƙa sayen katin suke yi a shirye, Gwaggo kuwa da hannunta take huda nata, da wani ɗan ƙarfe mai kama da abin yankan farce. Shi kuma inji ba ya da kara. In ka huda gida ɗaya ba daidai ba, haka zai yi ta maimaita maka kuskurenka tun daga wuya har ƙugu.

A bango, saman injin, akwai wata doguwar ƙusa da ta rataye duk katin da ta taɓa ɓatawa. Sun fi ɗari, na can ciki har sun yi ja don tsufa. In mai sayayya ya ce me take yi da tarkace, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Malamaina ne. Kai kana zubar da malaminka?"

Mutum ɗaya take riƙo a duniya, 'yar ƙanenta da kowa ke kira Auta. Tun tana shekara shida ta ɗauko ta, lokacin da aiki ya kai iyayen wani gari mai nisa. Yanzu Auta ta kai sha uku, tana aji biyu a makarantar da ke bayansu.

Ranar wata Litinin Auta ta shigo shago, ta ajiye jaka, ta miƙo takarda ba tare da ta ɗago kai ba.

"Gwaggo, hannu za ki sa mini a nan. Ranar Juma'a za a karɓa."

Gwaggo ta tsayar da inji, ta ɗora tabarau. Karatunta a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma in ta bi a hankali tana kaiwa. Takardar zaɓi ce. Duk yarinyar da za ta shiga aji uku, ko ta ci gaba da darasin kwamfuta ko ta bar shi, kuma wadda ta bari ta bari ke nan. Gida biyu ne a ƙasa, Auta ta riga ta sa alama da biro a gidan bari.

"Ikon Allah. Ba ke ce bara kika hana kunnena sakat da zancen kwamfuta ba?"

"Na fasa."

"Haka kawai aka wayi gari kika fasa?"

"Ba na ganewa ne."

"Ke dai faɗi wata. Yarinyar da take ƙirga mini gidajen kati tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba?"

Sai da aka kai ruwa rana kafin maganar ta fito. Wata biyu da suka wuce, malamin kwamfuta ya kira Auta gaban aji ta rubuta a kwamfuta abin da ya koya musu. Ta rubuta, ta danna, sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Malam ya zabura ya ce, "Me kika taɓa? Tashi, tashi!" Ya janye kujerar tun ba ta gama miƙewa ba. Aji ya kwashe da dariya, kuma daga ranar sunanta ya koma Mai Kashe Kwamfuta. Tun daga nan, in an shiga ɗakin, can baya take tsayawa ta harɗe hannuwa.

Gwaggo ta sauke tabarau. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don Auta kaɗai ba.

Tana da shekara sha shida aka ɗauke ta aiki a wani kamfanin saƙa. Mata a can aikinsu yanke zaren da ya yi saura da ɗinka maɓalli. Katunan kuwa a akwati suke, makullin yana aljihun shugaban ma'aikata. Ita dai idonta kullum yana kan injinan, tana so ta san yadda rami a takarda yake zama fure a riga. Wata rana da aka fita hutun rana ta lallaɓa ta tura ɗaya. Zare ya sarƙe, allura biyu suka karye. Shugaban ya tsayar da ita a tsakiyar ɗaki ya wanke ta tas a gaban mutum arba'in, ya ce hannun da aka yi don maɓalli ya tsaya a maɓalli. Ba a kore ta ba. Ita ce ta kori kanta, don shekara tara ta ƙara a wurin ba ta sake kai yatsa kan inji ba.

Da kamfanin ya rufe, aka watsar da wani mataccen inji a bayan gini. Ta ɗauko shi a ka har gida. Wata bakwai tana kwancewa tana ɗaurawa, tana huda kati tana ɓatawa, ba mai tsawa ba mai dariya, har ranar da fure na farko ya fito. Abin da ta gano a wata bakwai ɗin nan shi ne allura biyu ba komai ba ce, ana sauya su kafin ruwa ya tafasa. A kan wannan ta yi asarar shekara tara, kuma har gobe abin yana yi mata ciwo.

Ta ninke takardar ta danne da dunƙulen ulu.

"Juma'a tukuna. In ta zo kina nan kan bakanki, zan sa hannu, ba zan yi miki dole ba. Amma kwana huɗun nan nawa ne."

Washegari ta rufe shago da rana tsaka, ta nufi makaranta. Aka nuna mata ɗakin kwamfuta a ƙarshen baranda. Kwamfuta goma sha biyu ne a jere, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle kamar masu zazzaɓi. Malamin yana ciki yana goge tebur. Saurayi ne siriri mai ladabi, ɗalibai suna kiransa Malam Kar-a-taɓa a bayan idonsa. Gwaggo ta zo da faɗanta a baki, amma da ta ga yadda ya rusuna ya ba ta kujera sai ta rage wuta.

"Mama, wallahi abin yana damuna," in ji shi bayan ta faɗi abin da ya kawo ta. "Cikin yara arba'in, biyar ne suka ce za su ci gaba. Ba irin bayanin da ban yi ba. Na faɗa musu ayyukan da ake samu, na nuna musu hotunan matan da suka yi fice a harkar."

"Ɗan nan, 'yar shekara sha uku ina ruwanta da aikin da za ta samu bayan shekara goma? Ni tambaya ɗaya na zo da ita. Jan rubutun nan da ya fito wa Auta, mutuwa kwamfutar ta yi?"

"A'a, ko kaɗan. Faɗa take yi akwai kuskure a layi kaza, a gyara."

"To ka gaya wa yarinyar haka?"

Malam ya sosa ƙeya. "Tsorata na yi, Mama. Ranar da aka ba ni makullin ɗakin nan aka ce duk abin da ya lalace ni za a tambaya."

"Ashe kai ma tsoron ne. Kai kana tsoro, su suna tsoro, kwamfutoci suna kwance a lulluɓe. Wa zai koyi wani abu a nan?"

Ta buɗe jaka za ta ciro hankici, sai wani kati ya biyo hannunta. Malam ya karɓa, ya ɗaga shi saitin taga, haske ya ratso ta ramukan. Ta yi masa bayanin yadda yake aiki a taƙaice. Ya daɗe yana kallo.

"Mama, ai wannan shi ne abin da nake ta fama in koya musu! Rami ko ba rami. Mu ɗaya da sifiri muke cewa. Inji yana bin umarni layi bayan layi."

"To ba ni darasinka na ranar Alhamis. Sharaɗina ɗaya, duk abin da ya faru kada ka ce wa kowa ta tashi."

Ranar Alhamis ta ari baro a wurin telan da ke maƙwabtaka da ita, ta ɗora inji, ta turo shi da kanta har ƙofar ɗakin. 'Yan aji biyu suka shigo suna ƙus-ƙus. Auta, da kunya ta gama kashe ta, ta wuce can baya ta jingina da bango.

Gwaggo ba ta yi wani jawabi ba. Ta ɗaure inji a tebur, ta zura kati, ta fara turawa. Shaa, shaa. Yara suka matso. A hankali saƙa ta fara saukowa ta ƙasa, fara da shuɗɗan tsuntsaye a jere. Ƙafafu suka fito, jiki ya fito, fukafukai suka fito. Da aka zo wuya sai ga fili, kan kowane tsuntsu yana shawagi shi kaɗai a sama.

Wata gajeriya mai baki, wadda ake kira Rediyo, ta ƙyalƙyale da dariya. "Gwaggo, wa ya yanka su?"

"Ni na yanka su, shekara goma sha biyu ke nan. Riga shida na saƙa da katin nan kafin in lura. Inji bai yi laifi ba, abin da na ce masa shi ya yi. Gida ɗaya na manta ban huda ba. Ku nemo mini shi."

Ta zare katin ta shimfiɗa a tebur. Kawuna suka haɗu a kansa. Wannan ta ce layi na tara, waccan ta ce ƙarya ne, daga ƙasa ake ƙirgawa. Aka yi ta musu har Rediyo ta dangwala yatsa ta ce na sha ɗaya ne, gida na bakwai. Gwaggo ta miƙa mata abin hudawa. Don rawar kai Rediyo ta huda na takwas. Ta dafe baki, idanu suka firfito, aji ya yi tsit ana jiran faɗa.

Gwaggo ta laluba aljihu ta ciro salatif, ta yanki ɗan ƙanƙani ta liƙe ramin.

"Shi ke nan, ya toshe. Sake."

Da aka mayar da katin, tsuntsayen da suka biyo baya duk da wuyansu suka fito. Yara suka yi ta tafi kamar an ci gasa.

Nan Malam ya bi layi yana yaye ƙyallayen. Ya ce ya shirya wani ɗan aiki a kowace kwamfuta. Za a kwafi katin Gwaggo layi-layi, inda akwai rami a rubuta ɗaya, inda babu a rubuta sifiri, in an danna babban maɓalli kwamfuta za ta zana abin da aka rubuta. Ya ce kowa ta samu wuri ta zauna.

Ba wadda ta motsa. Yaran da suka gama turereniya a kan kati yanzu sun noƙe, kowace tana tura 'yar'uwarta gaba. Sai Rediyo ta ce, "To Gwaggo ta fara mana mu gani."

Wannan ne Gwaggo ba ta shirya masa ba. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: ita ko wayar shafawa ba ta taɓawa. In masu sayayya sun turo hoton irin rigar da suke so, Auta ce take buɗewa, ita kuma ta fake da cewa idonta ba ya gani. Kwamfuta kuwa ko kusa da ita ba ta taɓa zama ba. Ta dubi ƙofa, ta dubi yara arba'in da suka zuba mata ido, ta hango Auta can baya ta saki hannuwanta tana kallo. Ta san in ta ce a'a, gara ma da ba ta turo baron ba.

Ta ja kujera ta zauna. Malam ya nuna mata inda ɗaya yake da inda sifiri yake. Ta fara da yatsa ɗaya, tana duba kati tana dannawa, yatsan yana rawa kowa yana gani. Matar da take tura inji ido rufe, sai ga ta tana gumi a kan maɓalli biyu. Ta yi layi shida, daidai kan tsuntsu, ta danna babban maɓallin.

Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar.

Wasu suka waiga suna kallon Auta. Gwaggo kuwa muryar shugaban ma'aikatan nan ta ji a kunnenta, tar kamar jiya, kuma ƙafafunta suka ce mata tashi ki fita. Ta dafe gefen tebur da hannu biyu ta ƙi tashi. Malam ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"To, ta yi magana," in ji ta, muryar ba ta gama daidaita ba. "Ni ban iya yarenta ba. Wa zai gaya mini abin da ta ce?"

Sai can daga baya aka ji wata 'yar murya.

"Cewa ta yi layi na huɗu bai cika ba."

"Daga nan kike karantawa? Zo ki nuna mini, idona ba ya kaiwa."

Auta ta taho a hankali, yara suna buɗa mata hanya. Ta tsaya a kafaɗar gwaggonta, ta ɗora yatsa a kan gilashin tana ƙirgawa. Malam ya runtse ido da ya ga yatsa a gilashi, amma ya cika alkawari bai ce uffan ba.

"Ashirin da uku ne, Gwaggo. Kin tsallake sifiri ɗaya a nan."

"To sa mini shi."

Auta ta sunkuya ta sa, ta danna. Jan rubutun ya ɓace, sai ga kan tsuntsu, da baki da ido, shi kaɗai a tsakiyar fili.

"Wannan ma an yanka shi!" in ji Rediyo, aji ya fashe da dariya, amma wannan karon har da Auta a ciki. Kafin Malam ya ce wani abu an cika kujeru, uku-uku a kowace kwamfuta. Jan rubutu ya yi ta fitowa nan da can, kana jin ana cewa, "Layi na nawa ta ce?" Har aka kaɗa ƙararrawa ba wadda ta kula.

A hanyar komawa Auta ce ta karɓi baron. Sun kusa shago ta ce, "Gwaggo, da gangan kika tsallake sifirin nan ko? Don in zo."

Gwaggo ta miƙo mata hannu. Har lokacin yana ɗan rawa.

"Wannan ya yi miki kama da gangan? Tsoro na ji, Auta, irin wanda rabona da shi tun ina sa'arki da kaɗan."

Ta ba ta labarin allura biyu da shekara tara, wanda ba ta taɓa ba kowa ba. Auta ta rage sauri har suka jera.

Ranar Juma'a da safe Gwaggo tana share shago Auta ta fito cikin kayan makaranta, ta ɗaga dunƙulen ulu ta zaro takardar. Guda ɗaya aka ba kowa, biro kuma ba ya gogewa. Ta tsaya tana kallon alamar da ta sa. Gwaggo ta ci gaba da shara kamar ba ta gani, alhali tsintsiyar wuri ɗaya take ta bi.

Auta ta yagi 'yar farar takarda, ta ɗora a kan gidan bari, ta ɗauki salatif ɗin Gwaggo ta liƙe. Sannan ta sa sabuwar alama a ɗaya gidan, ta danna biron sosai.

"Ga shi. Sa hannu."

Gwaggo ta ɗora tabarau, ta ga gilashin ya yi hazo, ta cire ta goge da bakin zane. Daɗi ne ya cika ta har ta rasa faɗan da za ta yi. Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi.

Auta ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Na manta. Malam ya ce kujera ta uku taki ce ranar Alhamis."

"Ni? Da tsufana? Wa zai tsare mini shago?"

"Kan tsuntsu kawai kika yi, Gwaggo. Saura layi goma sha takwas."

Gwaggo ta dubi ƙusar da ke bango, ta dubi yatsan da ya yi mata rawa jiya a gaban yara arba'in.

"Ki ce masa ina tafe," in ji ta. "Kuma kada ya kuskura ya lulluɓe kwamfutar."